BABI NA UKU: TARIHIN ƁOYON KUƊI TSAKANIN MA'AURATA A ƘASAR BOƊINGA DA SHAGARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake ƙulla aure a ƙasar Boɗinga da Shagari, tun daga nema har zuwa tarewa. A wannan babi kuwa za a dubi abin da ke biyo bayan tarewa ta fuskar kuɗi, wato wane ne yake sanin abin da ke hannun wani tsakanin miji da mata, kuma wane ne yake yanke shawarar yadda za a kashe shi. Sau da yawa akan ji magidanta suna kukan cewa matan yanzu sun koyi ɓoye kuɗi, su kuma matan suna kukan cewa ba su san abin da mazansu suke samu ba. Duk ɓangarorin biyu sukan ɗora laifin a kan zamani. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, wannan ɓoyo ya girmi zamanin da ake zargi, kuma duk lokacin da siffar kuɗi ta sauya a ƙasar nan, to yadda ake ɓoyon da wanda yake cin ribarsa su ma sukan sauya.

Ya kamata a lura tun farko cewa Bahaushe bai ɗauki sirri a sha'anin dukiya a matsayin aibi ba. Mutumin da yake da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba, ana cewa yana da rufin asiri. Wato ita kanta wadata an siffanta ta da rufewa. Saboda haka idan mace ta ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane ba ta gaya wa maigida ba, a ganinta asirin ɗakinta take rufawa.

3.1 Aljihu Biyu a Gida Ɗaya

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kuma suna cikin tsakiyar ƙasar da aka kafa Daular Usmaniyya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A lokacin zamansa na Sifawa ne, a 1812, ya raba kulawar daula tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma Abdullahi ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Muhimmancin wannan ga nazarin da ake yi shi ne, fiƙihun Malikiyya ya daɗe da shiga cikin gidajen wannan yanki, kuma shi ne ya shata iyaka tsakanin dukiyar miji da ta mata.

A wannan mazhaba aure ba ya haɗa dukiya. Sadaki na mace ne, haka abin da ta gada, haka abin da ta samu ta hanyar sana'arta. Ci da sha da sutura da muhalli kuwa suna kan miji, ko da matar ta fi shi arziki nesa ba kusa ba. Shehu da kansa, a cikin littafinsa Ihya'us Sunna, ya lissafa cinye sadakin mace da danginta suke yi a cikin bidi'o'in da aka haramta. Ke nan tun daga ranar ɗaurin aure an kafa aljihu biyu a gida ɗaya, kuma an ɗora wa ɗaya nauyi an sauke wa ɗayan. Daga nan lissafin kowa ya bambanta. Idan mace ta bayyana abin da take da shi, tana tsoron kada maigida ya rage kuɗin cefane ya bar mata cikon. Idan miji ya bayyana nasa, yana tsoron kada buƙatu su ƙaru, musamman idan yana da mata fiye da ɗaya, domin abin da ya yi wa uwargida sai ya yi wa amarya.

Akwai hukunce-hukunce guda uku da suka ƙara wa wannan lissafi ƙarfi. Na farko shi ne gado. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matarsa tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma idan matan huɗu ne wannan tumunin za su raba. Saboda haka matar da ta zuba jarinta a gonar mijinta ba tare da shaidu ba, ta zuba shi ne a cikin abin da wata rana za a raba da kishiyoyinta da 'ya'yansu. Na biyu shi ne hul'i, inda mace take fansar kanta ta hanyar mayar da sadaki ko wani abin da aka daidaita a kai. Wadda ba ta da ajiya sai ta jira mahaifinta ko wanta ya biya mata, idan sun ga dama. Na uku kuma ya fi sauran ban sha'awa. A cikin Muhtasar na Halilu an bai wa miji damar hana matarsa kyautar da abin da ya wuce sulusin dukiyarta, ko da yake ba shi da ta cewa a cinikinta na saye da sayarwa. Abin tambaya a nan shi ne, yaya miji zai san an wuce sulusi idan bai san adadin dukiyar ba? Matar da take son taimakon iyayenta ba tare da gardama ba, hanya mafi sauƙi a gare ta ita ce kada jimillar ta taɓa fitowa fili.

Shari'a ba ta bar miji haka kawai ba. Hadisin Hindu 'yar Utba, matar Abu Sufyan, sananne ne a makarantun zaure. Ta kai ƙarar rowar mijinta, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada, ko da mijin bai sani ba. Wato ko a wajen malamai akwai ɓoyon da yake halal.

3.2 Zamanin Wuri

A ƙarni na 19 kuɗin ƙasar nan wuri ne. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Boɗinga a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Gwandu, ya tarar a Kano ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda kuwa wuri 20,000 ne, kaya ne na sosai. Irin wannan kuɗi ba ya ɓoyuwa idan ya yi yawa, domin yana da nauyi, yana da ƙara, kuma ƙirga shi aiki ne na zama. Dukiyar magidanci a wancan lokaci a fili take: rumbu, da dabbobi, da bayi, da riguna. Duk matar da take ɗibar hatsin girki ta san inda rumbu ya kwana. Ita kuma mace babbar sana'arta kaɗi ce. Takan sayi auduga ko a ba ta, ta kaɗa zare da abawa ta sayar wa masaƙa, abin da ta samu ta zuba a tukunya ta binne a ƙarƙashin gado, ko ta mayar da shi akuya. Ana iya cewa a wannan zamani mace ta fi sanin dukiyar mijinta fiye da yadda ya san tata, domin tasa babba ce a tsakar gida, tata kuwa ƙarama ce a cikin ɗaki.

3.3 Zuwan Turawa, Haraji da Cin Rani

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903. Abubuwa uku da suka biyo baya sun juya wancan tsari. Na farko, an kawo kuɗin ƙarfe, sule da sisi da kwabo da anini, kuma aka matsa a riƙa biyan haraji da su. Abin da a da sai an ɗora wa jaki, yanzu ya shiga aljihun riga. Na biyu, bauta ta fara mutuwa sannu a hankali, daga dokar 1901 wadda ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan watan Maris na shekarar, har zuwa dokar 1936. M. G. Smith, wanda ya yi nazari a ƙasar Zazzau, yana ganin wannan ne ya yaɗa kulle a ƙauyuka, domin matan da suka fita daga bauta sun ƙi komawa gona, tun da noman mace alamar baiwa ce. Na uku shi ne cin rani.

Ƙasar Sakkwato ta yi suna wajen cin rani. Damina gajeriya ce, jama'a sun yi yawa a kewayen birni, ga haraji ba ya jira. Da an gama girbi sai maza su kama hanya, wasu zuwa ƙasar Yarabawa, wasu har Gwalkwas, wadda ake kira Ghana a yau. R. M. Prothero ya ƙirga masu wannan tafiya a ranin 1952 zuwa 1953, ya kuma wallafa sakamakon a kan Lardin Sakkwato. Tafiyar neman kuɗi ba baƙuwa ba ce a nan, domin ko Magajin Shagari Aliyu, mahaifin Alhaji Shehu Shagari, ya yi fatauci kafin a naɗa shi. Bambancin shi ne yanzu talaka ma ya shiga, kuma abin da ya samo ba wanda ya gani. Manomi ba ya iya ɓoye wa matarsa yawan dammunan geron da ya ɗaure. Ɗan cin rani kuwa shi kaɗai ya san abin da ya samu a Ibadan ko Kumasi. Yakan dawo da turmin atamfa da goro da sabulu, matar ta yi godiya, sauran kuma, abin cikin aljihu na mai riga ne. Daga ciki ake biyan haraji, daga ciki kuma ake tara lefen amarya, wanda sau da yawa uwargida ita ce ta ƙarshen jin labarinsa.

A ɗaya ɓangaren, watannin da maigida ba ya nan mace ce take riƙe da gida. Idan hatsin da ya bari ya ƙare, ita take cikawa daga nata. A hukuncin Malikiyya wannan bashi ne a kansa muddin yana da hali, amma kaɗan ne suke kai maganar gaban alƙali. Abin da aka fi yi shi ne ta rama a hankali daga kuɗin cefane bayan ya dawo. A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello, A. D. Goddard da abokan aikinsa, sun yi nazarin ƙauyuka uku na kewayen Sakkwato, ciki har da Takatuku ta ƙasar Boɗinga. Sun ga gandu yana raguwa, kuma gidaje suna dogara ƙwarai ga abin da ake samowa a wajen gona. Rushewar gandu tana da nata tasiri a nan. A gandu, tsohon gida shi ne yake riƙe da rumbu, yana biya wa kowa haraji, kuma idanu da yawa suna kan abin da ya shigo. Da ɗa ya ware da matarsa, sai lissafin ya koma tsakanin mutum biyu, ba mai shaida.

3.4 Kasuwar Cikin Gida

Kulle bai hana mata neman kuɗi ba, wurin neman kawai ya sauya. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta wallafa maƙala a 1969 a kan wannan ciniki da ido ba ya gani, ta kamanta gidajen gari da saƙar zuma, kowane ɗaki da nasa ciniki. Abin da ta gani a can shi ne ake gani a Boɗinga da Shagari: fura, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da daddawa, da ƙosai, da dakau, da saƙar faifai da tabarma, da sayar da hatsi da mudu. Yara su ne ƙafafun wannan kasuwa, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a nazarinta na Kano a shekarun 1970. Wannan ne ma ya sa shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya gamu da turjiya daga iyaye mata, domin yarinyar da ta tafi makaranta da safe ta bar faranti a ƙasa.

Abin lura shi ne yadda miji da mata suke ciniki da juna kamar baƙi. Mace takan sayi gyaɗar mijinta a farashin kasuwa ta matse mai. Shi kuma yakan sayi furar da aka dama a cikin gidansa. Idan ya matsu ta ranta masa, kuma ta bi shi bashin har sai ya biya. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗauka rashin ƙauna ne, alhali kuwa hanya ce ta kiyaye iyakar da shari'a ta shata, domin kuɗin da aka bayar ba a ambaci sunansa ba, a ƙarshe kyauta ake ɗaukarsa.

To ina mace take kai ribarta? A nan ne dabarar take. Tsabar kuɗi ita ce abin da ake iya roƙo, ita ce kuma abin da ake iya ranta a ƙi biya. Saboda haka mace ba ta barin kuɗi ya daɗe a siffar kuɗi. Takan zuba a adashi, inda ko maigida ya san da shi ba zai iya taɓawa ba sai ranar kwasa, kuma kafin ranar an riga an yi masa wurin zuwa. Takan kai biki, wato gudummawar da ƙawa za ta mayar mata da ƙari ranar nata sha'anin, wanda shi ma ajiya ce a hannun mutane. Takan sayi tunkiya ta kai kiwo gidan iyayenta ko wajen Fulani. Sa'annan uwa uba, takan sayi kwanuka. Jeren tasoshi da fanteka da kwalla da langa da ake gani a ɗakin mace kowa yana ganinsa, maigida ma kullum yana kallonsa, amma ba shi da hanyar taɓa shi. Kayan 'yarsa ne na aure, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a sayar ba. Ko an je gaban alƙali, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a cikin kayan gida, na matar ne idan ta rantse. Wato dukiyar ta ɓuya ne a inda ido ya fi ganinta. Idan kuwa ita ce ta matsu, dillaliya tana shigowa har ɗaki.

Wannan hali bai tsaya ga ƙasar Hausa ba. A 2002 Siwan Anderson da Jean-Marie Baland sun nuna cewa matan aure a unguwar Kibera ta Nairobi suna shiga adashi ne musamman don su kare ajiyarsu daga mazajensu. Irin waɗannan bincike sun raunana ra'ayin Gary Becker na Amurka, wanda ya ɗauki iyali tamkar mutum ɗaya mai aljihu ɗaya. Sai dai ɓoyon yana da tsada. Christopher Udry ya nuna a 1996 cewa a Burkina Faso gonakin mata ba sa samun taki da ƙwadago kamar na mazajensu a gida ɗaya, har iyali suna asarar kusan kashi 6 cikin 100 na amfanin da za su iya samu. A Shagari ma ana iya ganin makamancin haka: ga kwanuka jere har rufin ɗaki, ga maigida ya rasa kuɗin taki ko na man injin ban ruwa a fadama, ya je ya ci bashin da zai biya da hatsi a farashin kaka. Ba za a ga laifin matar ba idan aka tuna da tumuni da kishiya, amma asarar ta gidan ce gaba ɗaya.

3.5 Naira da Ranakun Tonon Asiri

An fara amfani da Naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya koma Naira biyu. Ƙarin albashin Udoji da ya biyo baya ya haifar da sabon nau'in maigida a garuruwa irin su Boɗinga, wato malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda samunsa yake zuwa a ƙarshen wata a rubuce a takardar da matarsa ba ta gani, ko ta gani ba ta iya karantawa. Kuɗin takarda kuma ya sauƙaƙa wa mata ajiya a cikin katifa da asusu da ƙasan kwalla.

Ranar da wannan sauƙi ya zama wahala ita ce lokacin canjin kuɗi na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari a watan Afrilu na 1984. An sauya launin takardun kuɗi, an rufe iyakokin ƙasa, an ba mutane ƙasa da mako biyu su canza, kuma abin da mutum ɗaya zai canza a hannu bai wuce Naira 5,000 ba. Matar da take cikin kulle a ƙauye ba ta da hanyar zuwa layin banki. Zaɓinta biyu ne: ta fito da ajiyar shekaru ta miƙa wa miji ko ɗa ko ƙane, asiri ya tonu, ko ta yi shiru kuɗin su zama takardar banza. Wadda ta riga ta mayar da nata tumaki da tasoshi kuwa ba abin da ya same ta. Faɗuwar darajar Naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta ƙara tabbatar wa mata wannan darasi, domin kwano yana tashi tare da kasuwa, takarda kuwa tana narkewa a cikin katifa.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin kai kuɗi hannun mata kai tsaye, daga shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, da Bankin Al'umma na 1989, har zuwa tallafin da Hukumar UNICEF ta bayar a wasu ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato daga 2014, inda aka riƙa bai wa uwa Naira 5,000 duk wata uku a kan kowace 'ya da ta kai shekarun makaranta. Matsalar irin wannan kuɗi ita ce ana raba shi a bainar jama'a, kowane miji ya san ranar biya da adadin da aka biya. Ba shi da kariyar da ribar ƙuli-ƙuli take da ita.

Abin da ya faru a 1984 ya maimaita kansa bayan shekara kusan 39. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar ƙarshe, daga baya aka ƙara kwana goma. Wannan karo galibi ba a canzawa a hannu, sai an zuba a asusun banki, alhali binciken EFInA na 2020 ya nuna Arewa maso Yamma ta fi kowane yanki na ƙasar yawan waɗanda ba su hulɗa da banki. Matan da ba su da asusu dole suka zuba a na maza, wasu kuma suka ruga suka sayi hatsi da dabbobi a kowane farashi. Sai a ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, bayan an riga an buɗe katifu. Matan da suka buɗe asusu a sanadin wannan sun gamu da wani sabon abu, domin a gidaje da yawa wayar hannu ɗaya ce kuma tana aljihun maigida, saƙon shigar kuɗi kuwa kan lambar da aka yi rajista da ita yake sauka. Babi na huɗu zai dubi yadda irin waɗannan rigingimu suke ƙarewa idan sun kai gaban kotunan shari'a na Boɗinga da Shagari.